Ɗan MP3 ɗin da na saya bayan wayata ta mutu a hanyar Legas

Ni ba gwanin sauti ba ne, tela ne, kuma ba gayu ne ya sa na sayi ɗan MP3 ba, tafiya ce ta koya min hankali. Na hau motar dare daga Kano zan je Legas sarin yadi, waya cike da caji, tun kafin Zariya na toshe kunne da iyafis ina jin waƙa, in an jima in leƙa WhatsApp in dawo, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wanda shi ma ashe cin batir yake, kafin mu kai Lokoja caji ya koma kashi 9. Fawabank ɗin kuma na ara wa wani bawan Allah da ke kusa da ni ya zuƙe shi tas ya miƙo min da godiya. Muka shiga Legas waya a mace, lambar wanda zai tarbe ni tana ciki ban haddace ba. Na fi awa ɗaya a tsugune gaban mai caji da jakata tsakanin ƙafafu, duk saboda waƙa.

Ina dawowa na je na nema. Yaron shagon sai da ya yi dariya ya ce Yaya wa yake sayen wannan yanzu, ai wayarka tana yi. Na ce ɗauko min dai. Abu ne kamar kwalin ashana, ɗan gilashi ƙarami, madannai biyar, ramin memori, ga rediyon FM a ciki. Shikenan, ba ya kira ba ya amsawa.

Gaskiyar yaron ce ta wani ɓangaren. Ko Apple da suka fito da iPod a 2001, lokacin da waƙa 1,000 a cikin giga 5 take abin mamaki, a 2022 suka daina yinsa gaba ɗaya, waya ta cinye kasuwar. Sony da suka fara Walkman mai kaset a 1979 har yau suna yin na zamani, amma na masu kuɗi ne masu kunnen da ke rarrabe sauti, su ne ke maganar FLAC, wato fayil ɗin waƙa da ba a rage ingancin sautinsa ba, da manyan hedifon. Nawa kam na gwada shi da wayata da iyafis ɗaya, wallahi ban ji ya fi ta ba, wataƙila ma wayar ta ɗan fi shi kauri. In ka ga mutum yana rantsuwa ɗan MP3 mai araha ya fi waya sauti, a tsakiyar ƙarar adaidaita sahu da janareton maƙwabta, to yana kare kuɗinsa ne kawai.

Amfaninsa a shago na gani. Wayata ita ce jarina, da ita ake turo min hoton ɗinki, da ita nake ganin alat, kuma wuta in an ɗauke sai wani ikon Allah. Da can ina haɗa ta da sifika ta bulutut, ana cikin jin daɗi sai kira ya katse, wata rana ma na danna saƙon murya na wata kwastoma tana min ruwan masifa kan ɗinkin biki, duk shagon suka ji, yarana suna sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Yanzu MP3 ne ke jone da sifikar, caji ɗaya yana kai ni kwana biyu har uku, waya kuma tana kai dare da rai. Wani abin da ban zata ba shi ne hannuna ya huta. Da in na ɗauki waya zan canza waƙa sai in tsinci kaina a TikTok rabin awa ta wuce, wuyan riga yana nan a kan keke yana jirana. Wannan kuwa ba abin kallo a jikinsa, ka danna ka koma aikinka. Da magariba ma in zan taka zuwa gida shi nake maƙalawa a aljihun gaba, waya tana can ƙasan aljihun wando, kowa ya san yadda ƙwacen waya ya zama a garin nan.

Kurakuraina duk a kan memori na yi su. Na farko haɗama, na sayi mai giga 64, na'urar ta ƙi ganinsa sam. Ashe irin waɗannan ƙananan yawanci tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32 suke karantawa, shi ne ke zuwa a kan mai giga 32 zuwa ƙasa, manyan kuwa da wani tsarin daban, exFAT, suke zuwa. Na biyu arha, na sayi wani an rubuta 32 a jiki, ana tura kaya yana karɓa ba musu, da na zo kunnawa rabin waƙoƙin sun zama fanko, jabu ne. Daga baya na yi lissafi na ga ban ma buƙatar babba, fayil ɗin MP3 mai matsakaicin inganci, wanda ake ce wa 128kbps, kusan mega ɗaya yake ci a minti ɗaya, wato giga 16 ta ɗauki sama da awa 250, ko da waƙoƙin makaɗan da ne masu rabin awa guda ɗaya.

Na uku shi ne ya fi ba ni kunya. Ganin na ji daɗin nawa sai na saya wa Baba irin mai kamar ƙaramar rediyo, mai sifika a jiki da batirin tsohuwar Nokia ɗin nan BL-5C da ake cirewa a sa wani, na sa aka tura masa karatun Alƙur'ani duka. Washegari ya aiko a kira ni. Ya ce kai wane irin almajiri ka kawo min gida, daga Fatiha sai ya faɗa Yasin, daga Yasin ya dawo Nisa'i? Ashe na'urar ba ruwanta da sunan fayil, yadda aka zuba su haka take bi, mai turin kuma ya kwashe su gaba ɗaya ya watsa. Sai da na ari kwamfuta na goge memorin, na sa wa surorin lamba daga 001 har 114, na dinga turawa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in yana son Kahfi ranar Juma'a 18 kawai yake dannawa, shi da ko lambar waya sai an nemo masa.

Wahalar da ta rage ita ce samo sabon abu. Waƙar da ka sauke a cikin manhajojin jin waƙa yawanci a kulle take a can, ba ta ciruwa zuwa memori, dole ka koma wajen masu turi, kuma raina ba ya kwanciya da hakan tunda mawaƙin ko sisi ba ya samu. Don haka sabuwar waƙa a waya nake jinta in na samu data, tsofaffin da karatu da tafsiri su ke cikin MP3. Madannin gaba ma ya fara sanyi, sai na danna da farce yake wucewa, kuma ƙaramin yaron shagona ya riga ya ce Oga in za ka canza ni za ka bar wa.