Wasiƙa daga Beljiyam: ni da kekena cikin laka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya sanyi, dan nasan yanzu hunturu ya fara kaɗawa can. Tunda na saka hoton nan da nake saɓe da keke a kafaɗa jikina duk laka ake ta kirana wai lafiya, hatsari nayi ko keken ne ya lalace, har inna saida ta sa aka buga mata ni da daddare. Lafiya lau nake wallahi, tsere ne, kuma shekarata ta biyu kenan ina shiga, shi yasa nace bari in zauna in rubuto muku gaba ɗaya.

Sunan wasan cyclocross, mutanen Flanders inda nake suna ce masa veldrijden, wato tuƙi a cikin fili. Kakarsa daga Satumba ne zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ruwa da sanyi suka fi tsanani. Ana kewaye fili da igiya a fitar da hanya mai tsawon kamar kilomita 3, a ciki akwai ciyawa, akwai laka, akwai yashi, akwai gangare da matakala da katakon da ake gindayawa wanda tsayinsa baya wuce santimita 40, sai kayi ta zagaye. Manya awa ɗaya suke yi, mu 'yan sha'awa da muke da aikin yi daban minti 40 ko ƙasa da haka. Inda keke ya ƙi tafiya ka diro ka saɓa shi ka ruga da ƙafa, ka sake ɗarewa ba tare da ka tsaya ba.

A nan abin ba ƙarami bane, yadda muke zama kallon ƙwallo haka suke zama gaban talabijin ranar Lahadi. Sven Nys ɗan Beljiyam ya ci gasar zakaran duniya ta wannan wasan a 2005 da 2013, Wout van Aert ya ci sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, shi kuma Mathieu van der Poel ɗan Holan a 2025 ya ci na bakwai ya kamo Erik De Vlaeminck, tsohon gwanin Beljiyam da shi ma sau bakwai ya ci. Na je Koksijde bakin teku da idona naga yadda suke keta tudun yashi, kuma a wurin ne abin ya shiga raina, dan abinda suke yi na sanshi tun ina yaro. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke zuwa gona a hanyar rairayi ya san in ka ƙanƙame kan keken faɗuwa zakayi, sai dai ka matsa baya kan sirdi ka sassauta hannu ka bar tayar gaba tabi sawun wanda ya wuce kafin kai, kar ka daina feda. Da damina kuma wa bai saɓa kekensa ya tsallake rafi ba?

Amma abinda nake so in faɗa muku ba na manyan bane, nawa ne. A Satumba kowa da zumuɗi yake farawa, ƙasa a bushe, rana na nan, jiki na da ƙarfin rani. Nuwamba ce take tace mutane. A Disamba rana sai wajen tara saura take fitowa, biyar batayi ba ta faɗi, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, sannan ace ka sake saka kaya ka fita atisaye ana yayyafi mai sanyin da yake shiga ƙashi. Bara a daidai nan na karaya. A wani ƙauye tayata tayi faci a zagaye na biyu, bani da keke na biyu a wurin canji kamar masu hali da wani yake tsaye yana wanke musu, haka na ruga rabin zagaye da ƙafa, yatsuna suka mutu har ban iya matsa birki, na ƙare kusan na ƙarshe. Na dawo gida na jingine keken da lakarsa sati uku ban ko kalleshi ba, kuma zuciyata bata min daɗi ba duk tsawon kwanakin, dan nasan ba faci bane ya hanani, ni ne na janye.

Wani dattijo a kulob ɗinmu, ya haura sittin kuma har yanzu yana shiga ajin tsofaffi, shi ya zo har gida. Bai min wa'azi ba, tambayata kawai yayi waye yake gabana da waye yake bayana a yawancin tseren, na faɗa masa, yace toh waɗannan biyun sune tserenka, ka manta da na gaba can. Gaskiya maganar ta zauna min. Tun daga nan in an tashi bana neman wanda zai ci, na gabana wani mai jar riga nake nema wanda kullum yake tsere min a kwana, kuma ranar da na fara riƙe shi har layi murnar da nayi ban san yadda zan kwatanta muku ba.

Bana sai na canza tsari. Tun Agusta na zauna da kalanda na zaɓi tsere goma, ba kowane Lahadi ba, na rubuta su na manna a ƙofar firij, in rajista ta buɗe in biya nan take dan kuɗin da ka riga ka fitar yana tada kai daga bargo fiye da kowace niyya. Ranar Laraba da yamma muna haɗuwa mu huɗu a wani filin shaƙatawa da fitila a goshi, ba gudu muke ba, sauka da hawa kawai muke maimaitawa da kwana a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, har ƙafa ta haddace. In ka san mutum uku suna tsaye cikin sanyi suna jiranka kunya ma bazata barka ka zauna ba. Iskar taya kuma na daɗe ban gane ba, ina bugawa tam kamar na kwalta ina ta zamewa, ashe rage ta ake sosai, ƙasa da bar 2 a ma'aunin iska, tayar da faɗinta milimita 33 ne kawai sai ta baje ta kama ƙasa. Wannan kaɗai ya rage min faɗuwa sosai.

Sai wanki, wanda babu mai saka hotonsa. Ko na gaji yaya bana shiga wanka sai na wanke keken da bokiti da buroshi na sa wa sarƙa mai, dan in ya kwana da laka Litinin bazan so ganinsa ba, daga nan kuma zamewar take farawa, na gani bara. Ina tafiya da darduma a mota da shayi mai citta a filas, dan a watannin nan azahar da la'asar kusa suke da juna, nakan yi sallata gefen mota kafin in ɗaura lamba, kuma har yau ba wanda ya taɓa min kallon banza, wasu ma shayin suke zuwa nema.

Yanzu shida nayi cikin goman. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara manya kusan kullum suna da tsere, akwai na dare a Diegem, akwai na Baal garinsu Sven Nys ranar 1 ga Janairu, in Allah ya yarda zan je kallon ɗaya, nawa na bakwai kuma Lahadi mai zuwa ne kuma ance filin yashi ne da yawa. Ku sani a addu'a, ku gaida inna ku nuna mata wannan ku karanta mata dan hankalinta ya kwanta.

Naku, daga Flanders.