Abin da Gonakin Kwarin Haɗejiya Suka Koya Mini Game da Takalmi

Lokacin da aka tura ni aikin malamin gona a ƙauyukan da ke tsakanin Auyo da Kafin Hausa, na tanadi littafin rubutu da tef ɗin awo da jakar goyo, amma bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa takalmi ma kayan aiki ne. Babur yana kai mutum bakin gari ne kawai, ko inda hanya ta ƙare, daga nan sai ƙafa ta karɓi aiki, kuma akwai ranakun da nakan wuni ina ratsa kunyoyi tun hantsi har la'asar sakaliya. Da sau-cikin ofis na fara. Kafin mako ya zagayo ƙarangiya ta cika mini safa, yashi yana shiga ta ko'ina, sannan wata rana ƙayar aduwa ta huda tafin takalmin ta same ni a ƙafa, na yi kwana uku ina ɗingishi.

Da albashi ya shigo sai na je Kano na sayi but na gwanjo, irin na masu hawan duwatsu a Turai, fatarsa lafiya lau kamar ba a taɓa sa shi ba. Na ɗauka na gama da matsalar ƙafa. A fita ta huɗu, muna tsakiyar gonar riɗi, tafin ya fara ɓarewa daga dunduniya, abin da ke tsakaninsa da fatar yana zuba kamar garin kwaki, har sai da manomin da nake tare da shi ya samo mini tsumma muka ɗaure. Shumekan da na kai wa ya juya shi, ya danna da farce, ya ce, "Malam, wannan ba ya ɗinkuwa, ajiya ce ta cinye shi." Daga baya na fahimci dalilin. Yawancin irin waɗannan takalma ana yi musu katifar tsakiya da wani nau'in roba mai kumfa da ake kira foliyuretan, wanda laimar iska take ruɓar da shi a hankali cikin shekaru, musamman idan an jibge shi ba a takawa. Saboda haka takalmin gwanjo da ya fi kama da sabo shi ne ya fi cancantar a tuhume shi. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na lanƙwasa takalmi da ƙarfi, na danna gefen tafin da babban yatsa, na duba ko akwai tsaga ko gari. Kuma na fi son wanda aka ɗinke tafinsa da zare a kan wanda gam kaɗai ya riƙe, domin mai ɗinki kowane shumeka a kasuwar ƙauye zai iya gyara shi.

Darasin da ya fi ba ni wahala shi ne na awo. Mu kan shiga kasuwa da safe mu ce lamba 42 muke sawa, mu zura ƙafa ɗaya ba safa, mu ce ya yi. Amma ƙafar da ta yi tafiyar awa biyar cikin rana kumbura take yi, ta ƙara faɗi da tsawo, kuma lamba 42 ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wancan ba. Yanzu da yamma nake gwada takalmi, da irin safar da zan yi aiki da ita, kuma ƙafa biyu duka, tunda mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗayar. Nakan tabbatar akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafata da bakin takalmin, sannan idan na ɗaure igiya na taka, dunduniyata ba ta ɗagawa tana gogar fata. Waɗannan abubuwa biyu su ne tushen jin daɗi. Idan gaba ya matse, farce ne zai yi baƙi ya fita, musamman wajen gangarowa daga tudu, kamar yadda wani abokin aikina ya gani bayan wata fita a duwatsun Birnin Kudu. Idan kuma baya ya yi sako-sako, bororo ne zai tashi, kuma bororon da ya fashe a cikin ruwan fadama ƙofa ce ta ciwo. Mai sayarwa zai ce da kai zai buɗe idan ya sha ƙafa. Fata takan saki kaɗan a faɗi, gaskiya ne, amma takalmin da ya yi gajarta ba ya ƙara tsawo har abada. Ko wanda ya yi daidai ɗin ma ba a fita doguwar tafiya da shi ranar farko. Sai an sa shi a cikin gari na 'yan kwanaki ya saba da ƙafa.

Tsawon wuyan takalmi kuwa wani dattijo ne ya nuna mini muhimmancinsa. Lokacin girbin gero ne, na doshi wani tarin kara zan ɗaga, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, tsaya. Fara bugawa da sanda." Na ce, "Baba, ai da takalmi a ƙafata." Ya kalli idon sawuna da ke waje ya ce kububuwa ba ta saran inda aka rufe. Mafi yawan saran maciji a gona a ƙafa yake faɗawa, daga tafi zuwa ƙwauri, don haka but mai kauri da ya haura idon sawu, wando kuma ya sauko a kansa, yana rage haɗari sosai, ko da yake ba ya ɗauke wa mutum duba inda zai taka. Wannan tsawon ne kuma yake tallafe ƙafa daga targaɗe a gonar da aka yi wa huɗa, inda kowane taku yake sauka a karkace.

Na daɗe ina neman takalmi guda da zai yi mini tudu da fadama, kafin na yarda cewa babu shi. A gonakin shinkafa na bakin kogin Haɗejiya, inda laka take riƙe ƙafa har ƙwauri, rambut ne kawai yake aiki, kuma yana raba fata da ruwan kwance da ake ɗaukar tsargiya a cikinsa. Amma duk wanda ya yi tafiyar kilomita biyar a jigawa da rambut ya san yadda gumi yake taruwa a ciki, ƙafa ta yi fari ta yi laushi. Shi ya sa nake ɗaure shi a bayan babur, sai na isa bakin ruwa in sauya. Haka nan takalman da ake yabo saboda ba sa shan ruwa, masu shimfiɗar Gore-Tex a ciki, sun fi dacewa da ƙasashe masu sanyi da yawan ruwan sama. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafinmu yake haura digiri 40, ƙafa dahuwa take yi a cikinsu. But mai ƙarfe a baki shi ma na ma'aikatan gini ne da masana'anta, nauyinsa gajiya ce kawai ga mai yawon gona. Abin da ya karɓe ni a tudu shi ne fata mai matsakaicin kauri, da tafin roba mai zurfin zane wanda ƙaya ba ta ratsawa, da harshen da aka ɗinke da gefe don kada yashi ya shiga.

Akwai kuma abin da masu ƙera waɗannan takalma ba su yi lissafi da shi ba, wato alwala. Mai aikin daji zai cire takalmi ya mayar aƙalla sau biyu kafin ya koma gida, saboda haka nakan zaɓi mai ƙugiyoyi a sama, wanda igiyarsa take kwancewa da sauri. Ina ajiye ƙaramin tawul a jaka domin in tsane tsakanin yatsu kafin in mayar da safa, tare da safa ta biyu da nake sauyawa bayan azahar, kuma tun da na fara haka ban ƙara yin bororo ba. Safar auduga zalla tana riƙe gumi, don haka na koma mai gaurayen ulu ko nailan.

But ɗin da nake sawa yanzu ya shiga daminarsa ta huɗu, an sake masa ɗinki sau ɗaya. Idan ya jiƙe nakan goge lakar tun tana ɗanya, in cire shimfiɗar ciki, in cusa masa tsohuwar jarida, in ajiye shi a inuwa inda iska take kaɗawa, domin wuta da rana tsaka suna busar da fata ta tsattsage. Idan ya bushe sai in shafa masa ɗan man kaɗe, musamman lokacin hunturu. Duk ƙauyen da kwana ya kama ni kuma, da asuba kafin in zura ƙafa sai na kife shi na kakkaɓe, saboda kunama.