Kwana uku a zaure ina rubuta rabin gida

A ƙidayar jama'a ta Disamban 2012, wadda ita ce ta huɗu a Nijar bayan ta 1977 da 1988 da 2001, ina malamin lakwal na kwantaragi a Damagaram, sai aka ɗauke ni cikin masu zagaye. Aka tura ni wani ƙauye kudu da Mirriya. Horon da aka ba mu, da zanen taswira, da rubuta lamba da alli a ƙofar gida, duk babu abin faɗi a ciki. Abin da har yau yake cizona shi ne kwana ukun farko.

Ni ɗan birni ne, kuma na san ladabi. In na yi sallama, mai gida ya fito ya shimfiɗa tabarma a zaure, in ce, "Baba, mutum nawa ne ke ci a tukunyarka?" Ya lissafa, in rubuta da bik, mu yi addu'a, in wuce. Aiki yana ta gudu, har ina yi wa abokan aikina dariya don na riga su.

Daren kwana na uku shef ɗinmu ya karɓi takarduna yana dubawa da tocila. Ya buɗe, ya buɗe, sai ya ɗago ya ce, "Mushe, garin nan ba a haihuwa ne?" Na ce me ya gani. Ya ce a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, ga takardu cike da magidanta da samari, jinjiri sai an tona. Ƴan mata ƙanana kuwa kamar an kwashe su. Wani gumi ya karyo mini, ga shi ana tsakiyar hunturu.

Washegari na koma gidan farko. Dattijon ya ce ai bai yi mini ƙarya ba, mutane na tambaya, ya ba ni mutane. Na goye ai bai zama mutum ba tukuna, wanda ba a raɗa wa suna ba balle shi. Wani kuma ya fito fili ya ce tun zamanin kakansa, in ɗan gwamnati ya zo da takarda yana ƙirga kawuna, lanho, wato haraji, ke biyo baya. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ba a ƙirga ƴaƴa, baki yana kama su." Duk wannan na san shi tun ina yaro a unguwar Birni ta Damagaram, a gidanmu ma haka ake yi. Takarda da jaka ne suka sa na manta.

Wadda ta cece ni ungozomar garin ce. Na je na durƙusa na ce, "Inna, ki taimake ni." Ita ke shiga cikin gida, matan su matso bayan asabari, ni ina zaure ina tambaya. A nan na gano wani ramin kuma: mace ta lissafo ƴaƴanta tsaf ta tsallake ɗan fari saboda kunya. Sai Inna ta ce, "Ke, wancan mai kiwon awakin fa, daga sama ya faɗo?" A fashe da dariya, in ƙara layi. Na daina tambayar "nawa ne". Sai in ce, wa ya kwana a ɗakin nan jiya? Wa kike shayarwa? Wa aka kai makarantar allo? Wa ya tafi cirani Kano ko Daura bayan girbi? Don ɗan cirani da bai yi wata shida da tafiya ba, na gida ne, ana rubuta shi a matsayin wanda ba ya nan. Su ma na zubar da su da yawa a zagayen farko.

Shekaru ba su ba ni wahala sosai ba. In ka ce an haife ka kafin Shugaba Saini Kunce ya karɓi mulki a 1974 ko bayansa, ko kana da wayo lokacin yunwar El Buhari ta 1984, ko gaban yunwar 2005, lissafi yana fita.

Amma maimaita gidajen nan ya ci mini kwanaki, da kuɗin abincina, da man babur ɗin aro. Ni da na riga kowa, ni na ƙare a baya. Wanda zai fita ƙidaya ta gaba, ya nemi ungozoma tun ranar da ya sauka, kafin ma ya gyara alƙalaminsa, kuma duk dare ya ƙirga jinjirayen da ke takardarsa.

Da sakamako ya fito, jihar Damagaram ce kan gaba a ƙasa da mutum miliyan 3 da dubu 539 da 764, cikin miliyan 17 da ɗoriya, Maraɗi na bin ta. Mutane na ta murna. Ni kuwa hankalina na kan wani gida a gefen garin, wanda na koma sau biyu na tarar sun tafi biki wani ƙauye. Mutum biyar na rubuta musu daga zaure, alhali ranar da na fara zuwa, da kunnena na ji kukan jinjiri daga ciki.