Gonar Baba da na saida

Ɗan yayata ne ya ja nike wannan rubutu. Shekaranjiya ya iske ni bakin kasuwar Dole ta Damagaram inda nike ɗan tebur ɗina, ya durƙusa ya gaishe ni kamar abin kirki, sannan wai "Kawu, don Allah ka sa baki Inna ta yarda in saida gonar nan ta wajen Mirriya, moto zan saya in shiga kabu-kabu." Har da ciro salula yana gwada mini hoton moton. Gonar da ubanshi ya bari, mutumin ko shekara bai cika ba a ƙasa. Na buɗe baki zan zazzage shi sai bakin ya yi nauyi, don ni ma abin da na yi ke nan.

Babanmu, Allah ya jiƙanshi da rahama, manomi ne na gaske. Hatsi, dawa, wake, ɗan gujiya a gefe. In yana noma ya ci karo da ɗan tsiron gawo sai ya kewaye shi da hauya a hankali, kuma duk yaron da ya kuskura ya sare sai ya sha ranƙwashi. Muna ganin fitina ce ta tsoho, ashe gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare ma shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma bisashe su zo cin ƴaƴan su bar kashi a wurin. Hatsin gindin gawo daban yake, ko makaho ya shafa zangarniyar ya sani. In an yi girbi kafin komi ya shiga rumbu sai ya fidda zakka, dame ɗaya cikin goma, sannan ya zaɓi manyan zangarnu na iri ya ɗaure su can sama. A yunwar 1984 mun ci dusa, mun ci tafasa ba gishiri, amma irin nan bai bari an taɓa ba, Inna har kuka ta yi mishi. Kuma mutumin da ke da wannan taurin kai shi ne ranar kasuwar Mirriya ba ya dawowa hannu sake, ko ƙuli-ƙuli ne sai ya jera mu daga ƙarami zuwa babba ya raba, ƴaƴan maƙwabta ma suna cikin layi.

Ya rasu bayan wahalar 2005, aka raba gado, ni ko wata shida ban yi ba na saida nawa kason. To amma a yi mini adalci. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta ƙarasa sauran, tiyar hatsi ta gagari talaka, ga mata ga yara biyu, ga bashi. Gonar da Baba ya riƙe gida guda da ita an tsaga ta kashi-kashi, nawa bai kai ya ciyar da mu rabin shekara ba. Wa zai ce ban yi tunani ba? Na yi. Na bi Agadas, Dirku, har Sabha a Libiya, na yi leburanci, na aiko kuɗi gida, ba ƙarya na aiko, har rufin kwano aka yi. Sai yaƙin 2011 ya koro mu, na dawo da jaka ɗaya a bayan kamiyo. Kwanon yana nan ya yi tsatsa. Wanda ya sayi gonar kuwa ya sare gawon Baba gaba ɗaya ya saida itacen, ran da na bi ta wurin na ga kututture sai da na zauna ƙasa. Wani lokaci in ce ƙaddara ce, da ban tafi ba da yunwa ta watsa mu. Wani lokaci kuma in tuna ƙanena da ya riƙe nashi kason, shi ma ai bai mutu ba, kuma shi ke aiko mini da hatsi yau.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma walle ɗaya ce: kada ka saida gonar gado. Moto shekara nawa yake kafin ya koma hannun bakanike? Ku yaran yanzu ba ku ji, kuna zaune fada kuna shayi da Facebook har asuba, a ce ku ɗauki hauya ku ce baya na ciwo, yaro ɗan shekara ashirin wai baya.

Ban ce kowa ya zauna ƙauye ba fa. Noma kaɗai ba ya riƙe gida yanzu, wanda ya ce yana riƙewa bai shiga kasuwa ba. Ka tafi cin rani, ka tafi Kano, ka tafi inda ka ga dama, kai ko moton ma ka nema ta wata hanya, amma ka dawo shuka. In ba ka iya nomawa ka ba ɗan'uwa aro. Shi ma aron ban cika yarda da shi ba, na ga wanda aka ba aro ya shekara goma ya rantse tashi ce. In dole ne, a yi gaban maigari da shaidu a rubuta takarda, kuma ka faɗa ma mai aron ƙiri-ƙiri cewa itacen da ke ciki ba nashi ba ne.