Ruwan da ya tsaida ni bayan Tabalak, ashe daga tsakar gidana ya fito

Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, mota ce ta ɗauke min hankali, sai shekaranjiya ta fito daga gareji alhamdulillahi. Na ce bari in zauna in rubuta abin da ya faru tun da zafinshi, don da yawa cikinmu nan Tahoua da motar gazwal muke neman abinci, kuma abin da ya same ni zai iya samun kowa cikin wanga damana.

Motata Hilux ce mai injin D-4D, da ita nike kai kaya Abalak, hatsi, shinkafa, sukari, duk abin da ya samu. Ran da abin zai faru na yi lodi tun dare, da asuba na je wajen tonon gazwal ɗina, wato gangar da nike aje mai, da ke tsakar gida na zura tiyo na cika bido biyu na juye a tanki, tonon ya kusa ƙarewa har sai da na tura tiyon can ƙasa sannan ya zo. Duhu ne, ban haska ba, ban duba ba.

Ban kai Tabalak ba, garin da ke kan hanya tsakanin Tahoua da Abalak, sai ga fitila ta kama a tablo, wadda ke nuna ruwa ya taru a filtir. Na gan ta kuma na san mi take nufi, wannan shi ne ke cina har yanzu. Amma hadari ya haɗo gabas baƙi ƙirin, ga buhunan sukari a baya, tampol ɗina ya huje wuri biyu, sai na ce bari in matsa in na isa Abalak na duba. Na wuce tafkin Tabalak da kaɗan mota ta fara sarƙewa, in taka wuta ba ta amsawa, tana karkarwa tana fizga, na duba madubi na ga farin hayaƙi yana bin mu, kafin in sauka gefen gudron ta mutu. Ni kuma don ruɗewa na yi ta murza kile, sau huɗu ko biyar, tana kamawa tana mutuwa.

Sai da na hau saman kaya sannan na samu rezo na kira tsohon makanisenmu, Baba muke ce mishi, tun zamanin mahaifina shi ke duba motocin gidanmu.

"Baba mota ta mutu min bayan Tabalak."

"Fitilar filtir ta kama?"

"Ta kama Baba, tun kafin Tabalak."

Ya yi shiru har na ɗauka rezo ne ya tafi. Can ya ce, "To ɗana, ɗauke hannunka daga kile, kar ka sake taɓa shi. Kana da butalin ruwa wanda ake ganin cikinshi?"

Ya sa na buɗe kapo. Ƙarƙashin filtirin gazwal akwai wata ƴar murfi ta roba da ake kwancewa da hannu, ya ce in tara butali in murza ta kamar zagaye biyu, kar in cire ta duka, sannan in riƙa danna pompon hannu da ke saman filtir. Wallahi abin da ya fara zubowa ko warin gazwal bai cika yi ba, ruwa ne jaja-jaja kamar an ɗebo a gulbi. Na cika butali na aje shi kan taya, ƴan mintoci kaɗan ya rabu biyu da layi sarai kamar an ja da alƙalami, gazwal ɗan kaɗan a sama, ruwa a ƙasa ya fi rabi. Dalili ruwa ya fi gazwal nauyi, litar ruwa kilo 1 ce, litar gazwal ba ta wuce giram 850 ba, to duk inda sunka haɗu ruwa ƙasa yake kwanciya, kuma a tanki daga ƙasa mota ke jan mai. Na zubar na sake, na sake, har sau uku ruwa bai daina zuwa ba. Baba ya ce ya isa, wannan ba na filtir ba ne, tankin ne gaba ɗaya. Haka munka kwashe kaya cikin motar wani bawan Allah, tawa kuma anka jawo ta Tahoua da igiya bayan la'asar.

Washegari yaran gareji sunka sauke tanki sunka juye shi cikin babban tasa. Bayan ruwa da tsatsa akwai wani baƙin abu mai yauƙi da ya manne a gindin tankin, Baba ya lakato da yatsa ya nuna min, ya ce ƙwayoyin halitta ne ke rayuwa daidai inda ruwa da gazwal sunka haɗu, su ke yin wanga dattin da ke toshe filtir, kuma wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, na jima ina zuba ma motar ruwa kaɗan-kaɗan ban sani ba.

Amma inda gabana ya faɗi sosai shi ne da ya ɗauki tsohon filtir ya yanka shi, ya warware takardar ciki ya fita da ita rana yana juyawa yana ƙura ido. Na ce Baba mi kake nema? Ya ce garin ƙarfe, mai ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. In ya gan shi to babban pompon da ke tura mai cikin inji ya fara cin kanshi, kuma garin nan ya bi tiyo ko'ina, sai an canza pompo da anjektar (masu fesa mai cikin inji) duka an wanke hanyar mai daga farko har ƙarshe. Na tsaya bayanshi ina ta salati a zuci. Ya daɗe yana dubawa sannan ya ce babu, Allah ya rufa asiri.

Nan ya zaunar da ni kan benci ya yi min bayanin da na so a ce na ji shi tun ran da na sai motar. Pompon injin gazwal ba shi da wani man shafawa daban, gazwal ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarshi. Ruwa kuwa ba ya da santsi, in ya shiga ƙarfe ke gugar ƙarfe, in mota ta kwana da shi kuma tsatsa ta kama. Irin namu na D-4D pompo na matse mai da ƙarfin da ya haura bar 1,000 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma hujin bakin anjektar bai fi kaurin gashin kai da yawa ba, to ɗigon ruwa in ya iso wurin cikin wannan zafi tururi yake zama nan take, yana iya fasa bakin. Tsofaffin injuna irin 1HZ na Land Cruiser sun fi haƙuri, shi ya sa za ka ji tsofaffin direbobi na cewa ai ɗan ruwa ba komi, su ma dai yana ɓata su, a hankali ne kawai. Kuma murza kilen nan da na yi ta yi, kowane murzawa ƙarin ruwa nike tura ma pompo.

Sun wanke tanki sun shanya, sun hure tiyo da iska, sabon filtir, sabon gazwal, anka danna pompon hannu har iska ta fita. Ta tashi amma tana ƙwanƙwasa, sai da anka aika anjektar huɗun Niamey anka gwada su, guda ta lalace. Sabuwar ma ba ɗaurawa kawai ake ba, akwai lamba a kanta da ake shigar ma kwamfutar mota. Wannan ya cinye min kwanaki da kuɗin da na tara don tayu.

To ni duk tsawon wanga lokaci raina a ɓace yake da mutumin da ya cika min tono, har na shirya maganar da zan faɗa mishi gaban mutane. Baba ya ce kafin ka je bari in ga tonon. Munka zo gida da magariba, ga tono tsaye bakin indararo inda na aje shi tun bazara, samanshi ruwan sama ya taru ya rufe murfin, ya kwance murfin ya nuna min robar da ta tsattsage. Ya ce tono numfashi yake, da rana in ya yi zafi iskar ciki ta kumbura ta fita, in ruwa ya sauka ya huce sai ya zuƙo, abin da ke kwance bakin murfi shi yake zuƙowa. Jikina ya yi sanyi. Saura kaɗan in ci mutuncin mutum a kasuwa kan laifin da ba nashi ba, ina roƙon Allah ya yafe min zaton da na yi mishi. Ban ce duk gazwal ɗin bakin hanya lafiya lau yake ba, akwai mai ruwa, amma nawa dai daga gidana ya fito.

Akwai sauran hanyoyin da ruwa ke shiga, tanki rabi-rabi lokacin sanyi yana yin raɓa daga ciki, murfin tanki da ya saki, ko ratsa kori mai zurfi.

Abu ɗaya da nike roƙonku, masu ba da shawarar a zuba esansi ko alkol cikin tanki wai yana shanye ruwa, don Allah ku bari. Mutum uku sunka faɗa min haka ina tsaye bakin hanya, da niyya mai kyau, amma duka biyun rage santsin gazwal suke, alkol kuma haɗe ruwan yake da mai ya ratsa filtir ya isa inda ake gudu. Ruwan da ya kai lita-lita fitar da shi ake.

Tonon yanzu na wanke shi na canza robar murfi, yana kwance kan tsofaffin tayu biyu cikin zaure. Butali fari na nan cikin mota bayan kujera, duk inda zan sha mai sai na tara kaɗan na aje na gani, kuma kowace Juma'a da safe zan riƙa kwance ƴar murfin nan ta filtir ko fitila ba ta kama ba. Gobe in sha Allah ina da lodin Abalak, buhu ashirin na hatsi, Baba ya ce in na isa in kira shi in gaya mishi yadda ta ja a hanya.