Abin da darasin sifa ya koya mini a ajin Turanci

Duk ɗalibin da ya kai aji uku na ƙaramar sakandare zai iya faɗa maka ma'anar sifa a Turanci ba tare da ya tsaya tunani ba: kalma ce mai bayyana suna. Ka ce ya kawo ire-irenta, zai jero maka su tiryan-tiryan yadda aka rubuta masa a allo, mai nuna hali, mai nuna yawa, mai nuna lamba, ta nuni, ta mallaka, ta tambaya. Amma miƙa masa takarda ka ce ya siffanta kasuwar garinsu a sakin layi ɗaya. Nan za ka ga duk jerin nan bai biyo shi kan takardar ba. A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a sakandare, wannan giɓi da ke tsakanin hadda da aiki shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a darasin sifa na fi ganinsa ƙarara.

Da yau da gobe, da yawan makin littattafan yara, na gane cewa kurakuransu suna da tsari. Iri ɗaya ne suke ta maimaituwa daga aji zuwa aji, daga shekara zuwa shekara, kuma kusan kowannensu idan ka bi sawunsa zai kai ka ga Hausa. Muna da sifofi na asali, amma ba su da yawa: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja da 'yan uwansu. Galibin halayen abubuwa da suna muke faɗarsu. Zafi, nauyi, kyau, tsada, yunwa, duk sunaye ne. Sai mu ce ruwan yana da zafi, buhun ya yi nauyi, ina jin yunwa, riga mai kyau, miya marar daɗi. Turanci kuwa yana da sifa tsayayya ga kowannensu, "hot", "heavy", "hungry", "beautiful", sai ya jingina ta da "is" ko "am". Saboda haka yaron da ya rubuta "the water has hot" bai yi shirme ba. Ƙa'idar Hausa ya bi sau da ƙafa, ya zuba mata kalmomin Turanci. Jan biro kaɗai ba zai raba shi da wannan ba, don bai san inda ya kauce ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne raba allo gida biyu. Hagu suna, dama sifa: "heat" da "hot", "hunger" da "hungry", "danger" da "dangerous", "care" da "careful". Sannan in nuna musu cewa ɗafa-ƙeyar nan ta "-ful" kusan aikin "mai" take yi, "-less" kuma aikin "marar". Mai kula "careful", marar kula "careless". Mai amfani "useful", marar amfani "useless". Da zarar sun kama wannan, su da kansu suke fara kawo wasu, har sai na tsayar da su don kada su ƙera kalmar da babu ita a ƙamus.

Akwai wurin da Turanci ya fi sauƙi, kuma ina son in faɗa wa yara wannan tun da wuri don su sami ƙwarin gwiwa. Mu muna cewa farin rago, farar tunkiya, fararen tumaki. Sifar tana bin jinsi, tana bin adadi, ga kuma mahaɗi a ƙarshenta. Bature "white" ɗaya yake da ita, ko namiji ko mace, ko tilo ko jam'i. Tsohon Turanci na zamanin da yana canza ƙarshen sifa bisa jinsi da adadi, amma waɗannan ƙarshe-ƙarshe sun zube a ƙarnukan da suka biyo bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066. Inda yaranmu suke tuntuɓe shi ne lokacin da sifa ta tsaya a madadin jama'a. Tunda muna cewa talakawa, makafi, sai su rubuta "the poors", "the blinds". Daidai shi ne "the poor", "the blind", babu "s", amma aikatau ɗin na jam'i ne: "the poor are suffering".

Kwatance shi ne babban fagen fama. Nakan fito da yara biyu gaban aji, in sa su juya wa juna baya, in tambaya da Hausa: wa ya fi tsawo? Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Malam, na dama ya fi!" Sai in rubuta a allo: Audu ya fi Musa tsawo. In ce su nuna mini sifa a cikin jumlar. Su duba, su sake dubawa. Wani ya ɗaga hannu ya ce tsawo, wata ta ce a'a Malam, ai tsawo suna ne, dogo ne sifa. Ita ke da gaskiya. Babu sifa ko ɗaya a jumlar, aikatau "fi" ne ya ɗauki nauyin kwatancen gaba ɗaya. A ƙarƙashinta sai in rubuta "Audu is taller than Musa", in ja layi a ƙarƙashin "-er", in ja wani a ƙarƙashin "than", in ce musu ga "fi" nan an raba ta biyu. Wanda ya rubuta "tall than" ya ɗauki rabi ya bar rabi. Wanda ya rubuta "more taller" kuma ya faɗi "fi" sau biyu. Yaran da suka taso a unguwannin da ake jin Turancin buroka sun fi saurin kamawa, don "pass" ɗin da ake cewa a can aikin "fi" ɗinmu take yi sak.

Ƙa'idar zaɓi tsakanin "-er" da "more" ba ta da wuya idan aka koya wa yaro ƙirga gaɓa. Mai gaɓa ɗaya ta ɗauki "-er" da "-est". Mai gaɓa uku ko fiye ta ɗauki "more" da "most". Mai gaɓa biyu da ta ƙare da "y" ta koma "-ier", kamar "happier", "easier". Sauran masu gaɓa biyu galibi "more" suke bi. Sai 'yan tawayen da ba su bin kowa, "good, better, best", "bad, worse, worst", waɗanda haddace su kawai za a yi. Wani ɗalibi mai karatun adabi ya taɓa tare ni da cewa ai Shakespeare ma ya rubuta "the most unkindest cut of all" a wasan Julius Caesar. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don ta nuna yana karatu da ido buɗe. Na ce masa gaskiya ne, a wancan zamani ana ninka kwatance haka, daga baya ne masu rubuta nahawu na ƙarni na 18 suka haramta shi, kuma hukuncinsu ne mai makin WAEC da NECO yake bi yau.

Wani tarko da ko manya ba su tsira ba shi ne "senior" da "junior", da "superior" da "inferior". Daga Latin suka zo da kwatancensu a ciki, don haka "to" suke ɗauka: "he is senior to me". Za ka ji ma'aikaci mai shekaru a ofis yana cewa "senior than", ba wanda ya taɓa gaya masa. Haka "elder" da "older". Yayanka "elder brother" ne, amma idan za ka ce ya girme ka, sai ka koma "older than".

Darasin da na fi alfahari da shi ya faro ne daga wasiƙar wata ɗaliba. An ce su rubuta wa ƙawa labarin hutu, sai ta rubuta "I was very boring at home". Nufinta zaman gida ya ishe ta, amma abin da ta faɗa shi ne ita ce ke gundurar mutanen gidan. Na yi ta neman hanyar da zan bayyana bambancin "-ing" da "-ed" har ya zauna, ashe hanyar tana bakinmu. Muna cewa abin ban tsoro, muna cewa ina jin tsoro. Abin ban haushi, na ji haushi. Abin ban sha'awa, abin ban mamaki, abin ban kunya. Akwai mai bayarwa, akwai mai ji. Sifar da ta ƙare da "-ing" ta mai bayarwa ce, mai "-ed" kuma ta mai ji ce. "Frightening" ban tsoro, "frightened" jin tsoro. "Annoying" ban haushi, "annoyed" jin haushi. Da na rubuta "ban" da "ji" a kan ginshiƙai biyu, yarinyar ta rufe baki da gefen hijabinta ta ce, "Wayyo Malam, ashe cewa na yi ni ce matsalar gidan." Daga ranar ban sake ganin wannan kuskure a littafinta ba.

A nan ne nake da ja da dokar da makarantu da yawa suke kafawa ta hana magana da harshen gida a aji, har da cin tara. Na san manufar, ana so yara su saba da Turanci, kuma sabo da shi dole ne. Amma minti biyar na Hausa a wurin da ya dace yakan warware abin da mako guda na bayani da Turanci zalla ya kasa. Malamin da ya san harshen ɗalibansa yana riƙe da mabuɗin da marubucin littafin nahawu a Landan ba shi da shi.

Su kuma ire-iren sifar da ake sa yara haddacewa, fiye da rabinsu manyan littattafan nahawu na zamani ba sa ƙirga su a sifa. Na Quirk da abokan aikinsa na 1985, da na Huddleston da Pullum na 2002, duk sun ware kalmomi irin su "this", "some", "every" da "which" zuwa wani rukuni daban, na masu fayyace suna. Gwajin mai sauƙi ne. Sifa ta hali takan karɓi "very", takan shiga kwatance: "very tall", "taller". Ba a cewa "very this". Ina koyar da tsofaffin sunayen tunda suna cikin littattafan da yara ke riƙe da su, amma ba na ɓata musu lokaci mai yawa.

Wurin zaman sifa ma akwai magana. Mu muna da zaɓi, farin doki ko doki fari. Turanci gaban suna yake ajiye ta, sai a wurare ƙalilan: bayan "something" da "nothing", kamar "something new", da kuma tsofaffin laƙabobin shari'a da mulki da aka gada daga Faransanci, irin su "Attorney General" da "court martial". Wasu kuma, "afraid", "asleep", "alive", ba sa zama gaban suna sam. Idan sifofi suka taru, akwai jerin da ake bi: ra'ayi, girma, shekaru, siffar jiki, launi, asali, abin da aka yi shi da shi, sai amfaninsa. "A big black leather bag" ake cewa, ba a juya su. Tambayar tana fitowa a jarrabawa, don haka ina koyar da jerin, sai dai na lura yaran da ke karanta littattafan labari kunnensu ne yake ba su amsa kafin su tuna ƙa'ida.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne "very". Ka karanta insha'i arba'in, komai "very good", "very big", "very nice". Abin yana ba ni takaici, domin waɗannan yaran su ne za su fita tsakar makaranta su ce fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, sabo fil, sanyi ƙalau. Bakinsu cike yake da amsa-kama, amma da sun ɗauki biro sai su talauce. Yanzu nakan sa su fara siffanta abu da Hausa, sannan mu nemi takwaransa tare: baƙi ƙirin "pitch-black", sabo fil "brand-new", sanyi ƙalau "ice-cold". Ta nan nake shigar da sifofin da ba sa karɓar "very" kwata-kwata, irin su "dead", "perfect", "unique", "impossible", don abu ko ya mutu ko bai mutu ba. Mai son ƙarfafa su sai ya nemi "completely" ko "absolutely". Mako mai zuwa 'yan aji biyar za su kawo mini amsa-kama goma-goma daga bakin iyayensu da kakanninsu, mu zauna da ƙamus mu ga nawa ne Turanci yake da abin da zai tare su da shi.