Siminti Ba Ya Shiga Bangonmu: Yadda Muke Mayar da Tsohon Gini Jami'a

Sana'armu gyaran tsofaffin gine-gine ce, kuma aikin da ya fi cika mini ido a 'yan shekarun nan shi ne wanda muke kai yanzu: wani tsohon gidan ajiyar kaya na jan bulo a tsakiyar birni, da jami'a ta karɓa za ta mayar ajujuwa da ɗakin karatu. Babban ɗan kwangila na nan da injiniyoyinsa. Mu namu bango ne, da yaɓe, da tagogi.

Irin wannan aiki ba mu muka fara shi ba. A Landan, rumbun hatsin King's Cross da aka gina a 1852 ya zama mazaunin kwalejin Central Saint Martins a 2011. A Istanbul, Jami'ar Bilgi ta shiga tsohuwar tashar lantarki ta Silahtarağa a 2007. Hikimar a fili take. Sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya, don haka bangon da aka bari a tsaye ya riga ya rage ɓarna tun kafin a ɗora farantin sola ko ɗaya a rufi.

Amma fa sai an san halin bangon. Magina na da, da farar ƙasa suke kwaɓi. Farar ƙasa tana barin danshi ya fita, tana kuma ɗan ba da kai idan gini ya motsa. Siminti kuwa tauri gare shi, ya fi tsohon bulo ƙarfi. Ka yaɓa shi a kai, ruwa ya rasa mafita, gishiri ya taru a ciki, bulon ya riƙa marmashewa ta baya alhali fuskar bango tana sheƙi. Abin da 'yan a-yi-a-gama suke yi ke nan, su karya farashi, su karɓi kuɗi, su bar mai gini da ciwon da ba zai bayyana ba sai bayan shekaru. Rabin aikinmu a wannan gini ɓamɓare simintin irinsu ne, a hankali, da hannu, don kada bulo ya biyo shi.

Maigidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa bango ba sai da na daɗe a bakin ramin jiƙa farar ƙasa. Yakan ce, “Yaro, ɗaga cokalin.” In kwaɓin ya manne bai zube ba, ya gyaɗa kai. A wurinsa na koyi ƙwanƙwasa yaɓe da ɗan yatsa, na ji inda ya rabu da bulo tun ido bai gani ba. Har gobe sai farar ƙasarmu ta yi aƙalla wata 3 a jiƙe. Yaɓe hawa uku muke yi, kowane sai ya kama kafin na gaba, muna lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara kada ya bushe da gaggawa ya tsage.

Jami'a kuma tana zuwa da buƙatunta: wayoyin lantarki, intanet, lifta domin masu lalura, hanyar tsira daga gobara. Ba ma yarda a sassaƙe bango don binne waya. Mukan bi da su ta ƙarƙashin daɓe ko a bututun da za a iya cirewa gobe. Tagogin katako ma ba mu zubar ba. Mun yanke inda ya ruɓe, muka yi ƙari, muka sa gilashi na biyu daga ciki. Da kaurin bangon da tsawon rufin, ajin kan riƙe sanyinsa, na'urar sanyaya ɗaki ta samu sauƙi. Inda muka yi sabon ƙari kuwa, mai lura zai gane shi, kamar yadda Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta tanada.

Har yanzu akan samu mai ce mini wane ya yi tayin rabin kuɗina cikin rabin lokaci. Nakan kai shi gaban bangon da muka ɓamɓare, in sa ya murza bulon da yatsa. Duk hukumar da ke da irin wannan gini, ta kira mu tun kafin a kammala zane. Mukan fara da yaɓen gwaji a ɗan gefe guda, a bar shi ya sha ruwa da rana, kowa ya gani, sannan a yi maganar kwangila.